Motar da Ba Ta Ga Funtua Ba

Mata masu kai nono kasuwa ne suka tsinci Ummaru da hantsin Laraba, a gefen burji, saura kaɗan a hau kwaltar Funtua. Yana zaune ya jingina da tayar hayis ɗinsa, hannunsa na dama ya lanƙwashe a inda Allah bai sa gaɓa ba. Ƙofofin motar a buɗe, injin yana ta huci kamar tukunyar da aka manta a kan murhu. Buhu goma sha biyu na waken suya sun tafi. Sauran an farke su da wuƙa, don ɓarayin yanzu ɗauka ba ta isar su, sai sun nuna maka sun raina abin da suka bari.

Waken na gida bakwai ne. Noman shekarar mutane ne a cikin motar nan.

Ummaru ya ce lafiya lau ya baro gida. A daidai kwanar tsamiya mota ta fara tari, farin hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin kujera, ta mutu. Bai gama duba lagireto ba babura suka iso.

Kafin azahar gari ya gama shari'a. A Unguwar Ɗorawa ba ma ɓata lokaci. Mukan fara samun mai laifi, daga baya mu nemo masa laifin. Aka ce mota ba ta zaɓar wurin mutuwa da kanta, wani ne ya yi mata lahani don ta tsaya inda ake jiran ta. Kuma akwai mutumin da ya faɗa ranar Talata, a gaban shaidu, cewa motar nan ba za ta ga Funtua ba.

Sunansa Awaisu. Mutumin Matazu ne, ya yi shekaru yana gyaran injuna a wani kamfanin gurzar auduga, da kamfanin ya mutu ya sauka a garinmu yana gyaran injin ban-ruwa da na niƙa. Shekararsa goma sha biyu a cikinmu, har yanzu “baƙon nan” ake ce masa. Shi kaɗai yake zaune a gidan ƙarshe, ba ya zama a majalisa, ba ya dariya don kawai babba ya yi ba'a. Irin wannan mutum ko bai yi komai ba, yana ajiye ne don ranar da za a buƙaci mai laifi.

Mahadi, shugaban 'yan sa-kai, wanda ya fi son a kira shi Kwamanda, ya kulle shi a ɗakin ajiyar taki. Mai Unguwa Sada ya roƙi a dakata zuwa saukowa daga masallacin Juma'a. Bayan nan za su kai shi daji ya amsa tambayoyi. Mutum uku na sani da aka kai daji amsa tambayoyi. Da alama tambayoyin suna da yawa, don har yau ba su gama ba.

Mai Unguwa ya aika Kafur a kira Malam Jibril mai bin sawu.

*

Da sassafen Alhamis ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofata. A gidana ake sauke baƙi tun da matata Ladidi ta rasu, saboda akwai ɗaki fanko kuma babu mai ƙorafi. Tsoho ne siriri, da sandar gora da jakar fata. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata daga nan har bakin daji, yana dawo da su.

Na ce, “Malam Jibril, ya aiki?”

Ya ce, “Wane aiki, Malam Abdulrahman? Dā saniya ɗaya ake sata, a neme ni in gano inda take. Yanzu ɗari biyu ake kora da rana tsaka. Kowa ya san inda suke. Mai zuwa ne babu.”

Na ɗauke shi a bayan kekena zuwa kwanar tsamiya. Kwamanda Mahadi ya riga mu, da bindigarsa ta toka a kafaɗa da mutum biyu a bayansa.

“Baba, ba sai ka wahala ba,” in ji shi. “Ga inda suka laɓe nan.” Ya nuna wani kurmin sabara.

Malam Jibril ya tsuguna a bakin kurmin, ya daɗe. Ya ɗaga reshe ɗaya da sanda.

“Kwamanda, kai ka taɓa jiran wani a daji?”

“Aikina ke nan.”

“To in kana jira me kake yi?”

Mahadi ya gyara bindigarsa a kafaɗa.

“Kana zama. Kana tofar da goro, ko ka zuƙi taba. Kana kama ruwa. Babur ɗinka yana kafa ƙafa a ƙasa. A nan babu wanda ya zauna tun kafin ruwan Talata, sai gizo-gizo, ga saƙarsa nan ba a taɓa ta ba.”

Ya tashi ya bi gefen hanya, inda taraktar da ta ja motar ba ta tattake ba. Ya wuce tabon man da hayis ta bari, ya ci gaba, yana ƙirga taku. A taku na arba'in ya tsaya a kan wani dogon karce.

“Babura uku. Daga kwalta suka fito, a guje, gida za su. Sun wuce motar. A nan na gaba ya taka birki har taya ta ja ƙasa, ga inda ya kafa ƙafa ya juya. Wanda yake jiran ka ba ya wuce ka. Tsintuwa suka yi.”

“Dabara ce,” in ji Mahadi. “Don a ce haka.”

“Ban taɓa haɗuwa da ɓarawon da ya tuna da ƙasa ba, ɗana, balle ya yi mata ƙarya.”

“To waken fa?”

Malam Jibril ya nuna yamma da haɓa, inda dajin yake. “Kai ma ka san inda yake. Bindiga a kafaɗarka take, ba a tawa ba.”

Mutanen Mahadi biyu suka kalli ƙasa, wataƙila karon farko a rayuwarsu.

*

An ja motar an ajiye ta a ƙofar Mai Unguwa. Mahadi ya zaro sandar awon mai ya ɗaga ta sama. Man ya koma fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa.

“Ga shi nan. Gishiri ya zuba mata. Ko ɓarayin ba su jira a can ba, wani ya kashe injin nan.”

Malam Jibril ya lakata da ɗan yatsa ya ɗora a harshe. Ya tofar.

“Babu gishiri. Ruwa ne ya shiga inda mai yake. Ni ba bakanike ba ne, amma na san ɗanɗanon gishiri.”

Sai Mahadi ya fito da wayar Awaisu. Ya ce da asubar Laraba, kafin mota ta tashi, an kira wata lamba da ba ta da suna.

“Kira ta,” in ji tsohon.

Aka buɗe murya kowa yana ji. Ta yi ƙara biyu, muryar mace ta ce, “Baba? Tun jiya nake neman ka. Ka sha maganin kuwa? Baba, Sakinatu ce, kana ji na?”

Mahadi ya kashe wayar. Wani a baya ya ce ai ɓarayi ma suna da 'ya'ya. Gaskiya ya faɗa. Irin gaskiyar da ake faɗa don kada a ji kunya ce.

*

Ummaru yana kwance a zaurensa, mai ɗori ya ɗaure masa hannu da karare. Manomi ne mai ƙoƙari, ya sayi hayis ɗin tsohuwa shekara uku da suka wuce, yana kula da ita fiye da yadda wasu suke kula da iyalinsu.

Ya ce tun makon jiya take shan ruwa. Ya je Malumfashi ya sayo gaskit sabo, wato shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa don kada ruwa da mai da wuta su haɗu. Ya kalli yadda ake yi a waya sau uku. Ranar Talata, bayan an ɗauke ruwa, ya ɗaga kujerar gaba, ya buɗe inji a gindin darbejiyar ƙofar gidansa.

“Wa ya taɓa motar ban da kai?” in ji Malam Jibril.

“Ba kowa, Baba. Da hannuna na gyara. Wannan hannun.” Ya kalli kararen.

“Awaisu fa?”

“Ya zo ya tsaya yana kallo kamar mai jiran gawa. Ko sannu da aiki bai ce ba. Kowa ya wuce sai ya yi mini sannu, shi ko sufana bai ɗaga mini ba. Sai da zai tafi ya yi wannan mugun baki.”

“Da dare ina motar ta kwana?”

“Nan. Ni kuma a cikinta na kwana, saboda an yi lodi. Wallahi ko ɓera ya zo da na ji.”

Malam Jibril ya ce, “Ka ga ka wanke shi ke nan, kai da bakinka.”

Ummaru ya juya fuska bango. “Asiri ba ya buƙatar zuwa.”

*

Ɗakin takin yana warin da yake sa ido hawaye. Awaisu yana zaune a kan buhu, ba takalmi, leɓensa na ƙasa a fashe. Ya gaishe da tsohon da ladabi. Ni ya dube ni kawai.

“Me ya sa ka ce motar ba za ta ga Funtua ba?”

“Saboda ba za ta gan ta ba.”

“Ɗana, gobe bayan Juma'a za a fita da kai. Ajiye girman kan nan, ba zai tare maka harsashi ba.”

Awaisu ya yi ajiyar zuciya. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya dangwala ɗigo goma da yatsa, biyar sama biyar ƙasa.

“Noti goma ne suke riƙe kan injin. Baba, ka taɓa shanya fata?”

“Tun kafin a haife ka.”

“In ka kafe kusurwa ɗaya ka ja ta iya ƙarfinka tun ba ka daidaita tsakiya ba, me za ka samu?”

“Fata mai tudu. Ba ta ƙara kwanciya.”

“To kan inji haka yake, sai dai ido ba ya ganin tudun. Daga tsakiya ake farawa. Wannan, sai na gabansa, sai ka tsallaka nan, sai nan, kana zagayawa kana fita waje, kusurwoyi su ne ƙarshe. Kuma ba a gama noti a ja ɗaya. Zagayen farko a hankali, kamar gaisuwa. Na biyu ka ƙara. Na uku ka kai shi awonsa, da sufana mai awo, in ta yi ƙas ka tsaya ko da kana jin sauran ƙarfi a hannunka. Ramin notin ma sai ka tsane shi, kada mai ko ruwa ya kwanta a ciki. Hannu ɗaya ne yake farawa ya gama, don shi ya san inda ya tsaya. In ba haka ba gefe ɗaya ya matse, gefe ɗaya ya ɗaga. A tsaye za ta tashi lafiya lau. Ɗora mata buhu talatin ta yi zafi, sai ruwa ya sami hanya.”

“Ka faɗa musu haka?”

“Na fara. Aka ce baƙo ya zo koya wa 'yan gari ɗaure noti. Sufanar awon tana gidana, na ce in ɗauko. Aka yi dariya.”

“Ummaru ya ce shi kaɗai ya yi aikin.”

Awaisu ya goge ɗigon da tafin ƙafa. “To shi kaɗai ya yi. Baƙo ba ya ƙaryata gari.”

Ya sake duba na. Na ce warin takin ya dame ni, na fita.

*

Da la'asar Malam Jibril ya koma gindin darbejiyar Ummaru. Ruwan Talata shi ne na ƙarshen damina. Ya jiƙa laka ta yi laushi a ranar aikin, daga nan rana ta gasa ta ta bushe ƙamas kamar tukunya. Ga ramukan tayoyi huɗu inda mota ta tsaya. A gefen da ƙofar gaba take, ƙasar ta yi kaca-kaca.

Tsohon ya durƙusa da gwiwa biyu. Yana hure ƙura, yana auna tafi da kara, yana karya karan yana jerawa a gefe. Sai da inuwa ta yi tsawo ya miƙe, ya je bakin zaure ya yi sallama da matar gidan, Ummukulsum. Ta amsa daga bayan labule.

“'Yata, ranar Talata maigida shi kaɗai ya yi aikin mota?”

“Shi kaɗai? To shi kaɗai ya shanye mini kunu ƙwarya biyu? Har ludayi sai da na aika maƙwabta aro.”

Ya roƙe ta wani tsohon zana, ya rufe wurin, ya danne da duwatsu. Ya ce ko akuya kada a bari ta taka.

Bayan magariba muna cin tuwon da maƙwabciya take aiko mini don Allah. Ya kalli takalmana a bakin tabarma, sau-ciki na zamanin koyarwa, ni kaɗai nake sa irinsu a garin.

“Malam, dunduniyar takalminka na hagu ta ci ta waje.”

“Ta daɗe da ci.”

“Guda nawa ka ja?”

Na ajiye lomar. “Ɗaya. Na tsakiya, ta wajen direba. Kaɗan na ja, hannuna ba ƙarfi.”

“Ka ji abin da Awaisu ya faɗa kafin ya yi maganar Funtua?”

“Na ji.”

Ya koma kan akushi. Ya ci tuwonsa har ya suɗe hannu. Da ya zage ni da na fi samun abin riƙewa.

*

Da hantsin Juma'a Mai Unguwa ya tara gari a ƙofar Ummaru. Malam Jibril ya sa aka turo hayis ɗin a hankali har kowace taya ta faɗa raminta na ranar Talata. Aka buɗe ƙofar gaba, aka ɗaga kujera, aka cire murfin sama. Kawunan noti goma suka bayyana. Aka kawo Awaisu da igiya a hannu, aka tsayar da shi gefe.

Tsohon ya yaye zanan.

“Ranka ya daɗe, a garin nan in mutum ya wuce ta gonar ɗan'uwansa ya same shi yana huɗa, me yake yi?”

Mai Unguwa ya ce, “Ya karɓi garma ya yi masa kunya ɗaya ko biyu. Haka muka gada.”

“In jinka yake yi?”

“Ya miƙa masa ciyawa, ko ya ja masa igiya. Wanda ya wuce bai taya ba, ba ɗan halak ba ne.”

“Madalla. To ga sawun 'yan halak nan.” Ya nuna da sanda. “Mai tafiya yatsunsa ne suke nutsewa. Mai tsayuwa tafinsa duka. Wanda ya kama abu yana ja da ƙarfi ta baya, dunduniyarsa ce take haƙa rami. A bakin ƙofar nan akwai ramin dunduniya na mutum tara. Ummaru ɗaya ne a ciki. Sauran takwas, wanda ya san nasa ya zo ya tsaya a kai, kada in wahalar da shi.”

Ba wanda ya motsa.

Na fita. Ba jarumta ba ce, takalmina ya riga ya tona ni. Na sa ƙafata a sawun, ta zauna daram.

“Malam Abdulrahman ya ja na tsakiya,” in ji Malam Jibril. “Wannan mai silifa ɗin da aka ɗinke da waya fa?”

Ladan ya fito yana sunkuyar da kai. Mai shayi ya biyo, sai mahauci, sai 'yan'uwa biyu masu wake a cikin motar. Mai Unguwa ya daɗe yana duban wani sawu mai faɗi, sannan ya gyara babbar rigarsa ya taka.

“Wucewa na zo yi,” ya ce. “Na ga yara suna aiki.”

Saura ɗaya, mafi zurfi, can wajen kusurwar gaba. Sawun takalmin but ne, dunduniya biyu sun nutse har rabin yatsa, a bayansu kuma da'irar bakin bututun ƙarfe inda aka dogara shi a laka.

“Wannan bai yarda da sufana kaɗai ba,” in ji tsohon. “Ya zura mata bututu don ta yi tsawo, ya rataya da dukan nauyinsa. Kwamanda, ɗaga ƙafarka mu gani.”

“Taimako na yi!” Mahadi ya ɗaga murya. “Ummaru, ba kai ka ce a ɗaure da kyau ba? Noti in ya ɗauru ai ya ɗauru! Yaushe ɗaure noti ya zama laifi?”

“Ban ce laifi ba ne. A kwance hannun mutumin nan, a ɗauko masa sufanarsa.”

Aka ɗauko. Awaisu ya murza wuyan hannunsa, ya leƙa cikin motar. Ya ɗora sufana a kan nawa, na tsakiya. Da yatsa biyu ya juya shi. Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Na kusa da shi ma sako-sako. Uku sai da ya yi nishi. Na kusurwar gaba ya ƙi motsi har sai da ya kafa ƙafa, da ya fito kuma ya miƙa wa Mai Unguwa shi a tafin hannu. Notin ya miƙe, wuyansa ya sirance kamar alewar da yaro ya ja.

Wani ya kama masa, suka ɗaga kan injin su biyu. Sabon gaskit ɗin ya ƙone baƙi ƙirin a tsakiya, a daidai inda aka bar shi sako-sako, a kusurwa kuma ya lotse kamar an taka shi da guduma.

Ummaru ya tsaya da hannunsa a rataye yana kallo. “Amma ai… ba taɓawa suka yi ba. Tayawa suka yi.”

“Na sani,” in ji Malam Jibril. “Shi ya sa ka rantse mini ba wanda ya taɓa, kuma ba ƙarya ka yi ba.” Ya yi taku huɗu zuwa gindin katanga, ya nuna wasu sawu biyu a jere, lafiyayyu, ba rami. “Ga na Awaisu. Nan ya tsaya, nan ya juya ya tafi. A duk wanda ya zo wurin nan ranar Talata, shi kaɗai ne bai sa hannu a kashe motar nan ba.”

Mahadi ya juya. Ya dubi mutanensa, ya ga sun sami abin kallo a saman darbejiya. Ya jefa wayar Awaisu a kan kujerar mota ya tafi, but ɗinsa yana ƙara.

Mai Unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce ƙaddara ta riga fata. Ya ce Shaiɗan ne ya shiga tsakani, kowa ya yafe wa kowa, a shafa fatiha.

“Ranka ya daɗe,” in ji Awaisu, “ni me za a yafe mini?”

Aka shafa fatiha da sauri.

*

Malam Jibril bai jira Juma'a ba. Ya ce zai same ta a hanya. Mai Unguwa ya ba shi kaza biyu, ɗan acaɓa ya ɗaure su a baya. Da zai hau ya ce mini, “Da ɓarawo na kamo musu da sun raka ni har kwalta.” Na duba, ni kaɗai ne a bakin hanyar.

A Ƙarfi muke yin Juma'a. Mutanenmu suna da inda suke shimfiɗa a inuwar katangar masallaci, shekara da shekaru. Awaisu ya zo a makare, ya yi wanka, leɓen nan ya kumbura. Ya shimfiɗa buzunsa a cikin sahunmu. Ba wanda ya kore shi. Ladan ya tuna yana da magana da wani a sahun gaba. Mahauci ya ga rana tana dukan sa, ya matsa. Kafin a gama huɗuba akwai wurin mutum biyu a damansa, wurin mutum biyu a hagunsa. Da a ce shi ya sayar da mu, da yanzu wani ya fara cewa a yi masa afuwa, ɗan Adam ajizi ne. Amma mu ne muka ɗaure shi a banza, wannan kuwa ba abin da za mu yafe masa ba ne.

Aka ta da iƙama. Liman ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa. Na ja dardumata na matsa har kafaɗata ta taɓa tasa.

Bai juyo ba. A hankali ya ce, “Malam, kana wurin ranar Talata. Ka ji dalilin da ya sa na faɗa.”

“Na ji.”

“Kwana biyu ina cikin taki.”

“Na sani.”

“Kai da ka yi karatu.”

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na laluba cikinsu duka a tsayuwar nan ban sami abin ce masa ba. Liman ya yi kabbara. Muka ɗaga hannu.